Sunan Baba Mai Famfo

Duk wanda ya taɓa ɗiban ruwa a bohol ɗin ƙaramar hukuma da ke ƙarshen Galtimari ya san shi. Wani dogon dattijo ne marar yawan magana, kullum da tsumma a kafaɗa, ana ce masa Baba Mai Famfo. Daga wani ƙauye kusa da Biu ya zo Maiduguri yana saurayi, ya yi leburanci, ya yi gadi, daga baya ƙaramar hukuma ta ɗauke shi ta damƙa masa makullin bohol. Tun ana jan igiya a ta da inji har aka koma sola, shi ne dai a wurin.

Matarsa ta rasu da daɗewa. 'Ya'yansa suna Jos, sai dai waya ranar Kirsimeti. A ɗaki ɗaya yake kwana jikin tankin ruwa, shi zai dafa, shi zai ci, shi zai wanke kwanon. Wurin kuwa ba ya rabuwa da jama'a, amma kowa ta jarkarsa yake yi. Wannan kaɗaici cikin taro shi ya fi ba ni tausayi.

Bara majalisar ƙaramar hukuma ta amince da ƙarin albashin da ma'aikata ke samu bisa matakinsu, amma da sharaɗi. Saboda ma'aikatan bogi, dole kowa ya zo da ƙafarsa, kuma wani abokin aiki ya tsaya ya ce ya san shi. Ƙarin ba wani abin a zo a gani ba ne. Abin tsoron shi ne wanda bai sami shaida ba, za a lissafa shi cikin na bogi, a tsayar da albashinsa gaba ɗaya.

Baba ya goge rigarsa ta zuwa coci ya tafi sakatariya. Akawun da ke tantancewa, wani matashi mai suna Tahir, ya dube shi ya ce, "Baba, wa ya san ka a nan?"

Baba ya waiga ya duba fuskoki. Alhaji Ba'ana da ya ɗauke shi aiki ya rasu. Jona da ke kawo masa man inji ya yi ritaya, tunda aka sa sola kuma ba mai zuwa. Albashi ta banki yake shiga. Su kuwa 'yan ofis ba sa leƙa bohol sai ya lalace, nasa kuma bai taɓa bari ya lalace ba. Ka ji laifin bawan Allah! Da ya yi sakaci sau ɗaya unguwa ta kwana ba ruwa, da har shugaban sashe ya san hanyar ɗakinsa.

Tahir ba mugu ba ne. Ya ce ko mutumin unguwa ne ya kawo, za a karɓa. Washegari Baba ya zo da Ya Falmata mai ƙosai, wadda ta tsufa tana suya a bakin bohol ɗin.

Ta gyara lafaya, ta gaishe shi da Barbarci, ta ce, "Wushe, ɗana. Wannan ai Babanmu ne. Ruwan da na yi wa 'ya'yana wankan jarirai da shi duk na hannunsa ne."

"Madalla, Mama. Faɗi sunansa."

"Baba Mai Famfo."

"Sunansa na ainihi nake nufi."

Ta dubi Baba, shi kuma ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Tahir ya ce ba yadda zai yi, maganar Baba sai zaman tantancewa na gaba, kafin nan albashinsa a tsaye yake.

Suka hau keke napep suka nufi gida. Kunya ta gama rufe Ya Falmata, a hankali ta ce, "Baba, don Allah, yaya sunanka?"

Ya ce, "Dzarma."

Ta yi ta maimaitawa a ranta don kada ya kuɓuce mata kafin a sake kiransu.

Da safe ya buɗe famfo kamar kullum, ko da albashi ko babu. Layi ya yi tsawo, ana ta hayaniyar jarkoki. Ya Falmata ta zuba ƙosai mai zafi a takarda, ta ɗaga murya daga gaban kaskonta.

"Dzarma! Dzarma!"

Yana tsaye kusa da ita, ko taku biyar babu, yana riƙe da tiyo. Bai waigo ba. Ba fushi yake yi ba, bai san da shi ake ba.