Yadda Hambali Ya Kai Dada Orlando

Shekara goma sha tara ke nan Hambali yana tuƙa tasi a New York. Mutumin Damagaram ne, ɗan unguwar Birni, kuma da sana'ar ɗinki ya shigo Amurka. Ya yi shekara uku a wani shago a unguwar Harlem yana yi wa rigunan mata aiki a wuya, har idanunsa suka fara gajiya da allura. Abokinsa Abukari, Bahaushen Kumasi, shi ya ba shi shawara ya nemi lasin ya kama tuƙi. Tun daga lokacin filin jirgin JFK ya zama wurin aikinsa. Da ya idar da sallar asuba a gidansa na unguwar Parkchester sai ya nufi can, ya shiga layin direbobi, ya buɗe fulas ɗin shayinsa yana jiran a kira shi.

Hambali mutum ne mai son tambaya. Fasinja bai cika shiga motarsa ya fita ba tare da ya bar masa wani labari ba. Waɗanda ya fi son ɗauka su ne iyalan da suka dawo daga Orlando, garin nan na jihar Florida da ake kai yara hutu. Daga nesa yake gane su: rana ta ƙona fuskar uba, uwa ta gaji liƙis, yara kuwa bakinsu ba ya rufuwa. Ya tambaye su inda suka je, abin da suka hau, inda layi ya fi tsawo. A haka ya san garin kamar ya taɓa zama cikinsa, alhali ko hanyar bai taɓa bi ba.

'Ya'yansa biyu, Rufaida da ƙanenta Hafiz, sun daɗe suna roƙonsa ya kai su. Kullum amsarsa ɗaya ce, sai baɗi. Da Rufaida ta cika sha huɗu, matarsa Aïchatou ta ce masa, "Baban Rufaida, in ba bana ba, yarinyar nan za ta girma ta daina so. Mu tafi kawai." Suka sa ranar hutun makaranta na watan Afrilu.

Ana saura wata biyu, takardun bizar mahaifiyarsa suka fito. Dada, kamar yadda kowa ke kiranta, ta sauka JFK tana da shekara saba'in da shida, da sandarta da buhun kilishi. Gwiwoyinta sun daɗe da tsufa. Hambali ya yi murna, amma ya shiga tunani. Tafiyar kwana biyu ce a mota, kuma fasinjoji sun sha gaya masa cewa a wuraren wasan nan wuni ake yi a kan ƙafa. Shi da Aïchatou suka shirya a bar tsohuwa wajen wata maƙwabciya 'yar Maraɗi, kwana shida kawai.

Bayan la'asar ya durƙusa gabanta ya fara zagaye-zagaye.

"Dada, wurin na yara ne. Hayaniya ce da rana, babu abin da za ki gani."

"Kai ka taɓa zuwa?"

"A'a."

"To wa ya ce maka babu abin gani?" Ta gyara zama. "Na ƙetare teku don in zauna da jikokina, ba don in yi gadin ɗakin mutane ba. In motar ba ta da wuri, ka sa ni inda kake sa kaya."

Hafiz, wanda ke jin Hausa amma sai ya amsa da Turanci, ya fashe da dariya ya rungume ta. Magana ta ƙare ke nan.

Suka kama hanya da babbar motar da Abukari ya ara musu, suka kwana a jihar Carolina, washegari da azahar suka shiga Orlando. A ƙofar wurin wasan farko Hambali ya karɓi hayar keken guragu. Dada ta dube shi sama da ƙasa ta ce ita ba gurguwa ba ce. Ba su yi tafiyar minti goma ba ta miƙa wa Rufaida sandar, ta zauna, ta ce a tura.

Lilon ƙarfen nan masu hawa sama su wulwulo da mutane ba su burge ta ba. Ta ce wanda ya biya kuɗi don a juya masa hanji, Allah ya ba shi lafiya. Abin da ya tsayar da ita ruwa ne. Duk inda suka juya ruwa ne, wani yana tsalle sama, wani yana gangarowa daga dutsen da aka gina, yara suna gudu a cikinsa da tufafinsu. Matar da ta yi rabin rayuwarta tana bin layin famfo da tulu a Damagaram ta zuba ido tana kallo.

"Wannan duk ba mai sha?" ta tambaya.

"Na wasa ne, Dada."

Ta girgiza kai. "Ikon Allah."

Ganin haka Hambali ya tuna wani fasinja ya taɓa ba shi labarin wani kwalekwale da ke bin rafi a hankali, ana kiɗa, ana kallon tsuntsaye. Ya hango kwalekwale, ya ce ai shi ne. Akwai allo a bakin layin, amma bai tsaya karantawa ba, don a ganinsa ya riga ya sani. Rufaida ta fara cewa, "Baba, wannan fa…" ya ɗaga mata hannu. Suka kama Dada suka zaunar da ita a gaba, shi a gefenta.

Da farko lafiya lau. Sai kwalekwalen ya fara hawa. Ya yi ta hawa, ƙarfe yana ƙara a ƙarƙashinsu, har Hambali ya hango rufin gine-gine da motoci ƙanana a can ƙasa. Sai a lokacin ya gane ba wannan ne kwalekwalen da aka ba shi labari ba. Ya tuna hawan jininta, ya tuna 'yan'uwansa a gida da abin da zai gaya musu. Ya damƙe hannunta ya ce, "Dada, ki yafe mini, ki riƙe da kyau!"

Suka sulmiyo. Ruwa ya tashi ya rufe su gaba ɗaya.

Da kwalekwalen ya tsaya, ya kasa duban ta. Sai ya ji kafaɗarta tana rawa. Ya juya a firgice, ya tarar dariya take yi, irin wadda bai ji daga bakinta ba tun rasuwar mahaifinsa. Mayafinta ya jiƙe sharkaf, ɗankwali ya karkace.

"Kai ne ka yi salati da ƙarfi haka?" ta ce. "Duk mutane sun ji ka. Mu koma."

Bai yarda sun koma ba. Ta yi fushi da shi har bayan magariba.

Sauran kwanakin ya bar ta ta zaɓa. Suka je gonar kadoji, ta yi awa guda tana kallon wani ƙato da ko motsi bai yi ba, ta ce wannan ya san darajar hutu. Suka je wani tafki a tsakiyar gari, Rufaida da Hafiz suka tuƙa ta a jirgin ruwa mai siffar agwagwa. Suka samu gidan abincin halal na wani Bamisire, ta ce naman ya yi, yaji ne babu. A cikin motar dawowa Hafiz ya fara amsa mata da Hausa, gurguwa-gurguwa, ita kuma tana gyara masa tana tsokanarsa da mijinta mai bakin Bature.

Dada ta koma Damagaram bayan wata biyar. Kafin ta tafi ta ba duk wanda ya zo gaishe ta labarin, kuma a bakinta tudun ruwan kullum ƙara tsawo yake. Labari ya zaga. Ranar Juma'a, in an fito masallaci a Harlem, sai wani ya ja Hambali gefe: surukarsa ta zo, ko mahaifinsa ya zo, shin tsoho zai iya? Hambali ya zayyana masa inda ake samun keke, inda inuwa take, inda za a yi sallah ba a takura ba, ya kuma ja masa kunne ya karanta kowane allo kafin a hau komai.

Daga ba da shawara abin ya zama tafiya. Shekara uku ke nan duk Afrilu yana ajiye tasi na mako guda, ya ja ayarin motoci zuwa Florida. Bana gida huɗu ne, da tsofaffi biyar, har da surukin Abukari wanda ya rantse shi kallo kawai zai yi. Aïchatou ta fara dakan dambun naman guzuri tun yanzu, ta ce wanda ta yi bara bai kai su ko jihar Virginia ba, balle rabin hanya.