Kat-kat ɗin da Zailani Ya Ɗaga

A unguwar New Bell ta Douala idan aka ce Zailani Shofer ba a tambayar wanne. Gajere ne mai faɗin ƙirji, yana tafiya yana jan ƙafar dama. A bayan babbar kasuwa aka haife shi, a gidan da kakansa ya kafa da ya zo daga Katsina fataucin goro. Yana saurayi ya bi manyan motocin da ke kawo gungumen katako tashar jiragen ruwa, ran nan sarƙa ta tsinke, gungume ya murƙushe masa ƙugu. Ya warke, amma ƙugun ya sandare, ƙafar ba ta ƙara ɗaguwa sama da taƙi guda ba.

A haka Alhaji Badamasi, dillalin shanu, ya ɗauke shi tuƙi, ya damƙa masa makullin farar motarsa mai shiga daji, irin wadda mutanen Douala ke kira kat-kat. Shekara ashirin da bakwai ke nan. Zailani bai haihu ba, bai gina gida ba, bai je Makka ba. Motar nan ita ce abin da yake da shi a duniya, ita ɗin ma ba tasa ba ce. Matarsa Delu kan ce da mota na cin tuwo, da ita zai fara zuba wa. Kullum da sassafe yana ƙofar gidan Alhaji da bokiti da tsumma. Yana gama wanki ya ɗora ƙafar hagu a matakin ƙofa, ya kama sitiyari, ya jawo gurguwar ciki. Da zarar ya zauna a kujerar nan ba gurgu ba ne kuma, kuma duk unguwar ba wanda ya kai shi sanin hanyar Yabassi, inda Alhaji ke da gonar kwakwar manja.

Abu ɗaya ya roƙi Alhaji har ya gaji, a ɗaga motar a sa mata manyan tayu. Duk damina sai sun kafe a taɓo, cikin motar ya zauna a ƙasa, su wuni suna haƙa. Alhaji kuwa mutum ne da ba ya son a taɓa abin da ke aiki. Kullum amsarsa guda ce, sai baɗi. Har ya rasu baɗin bai zo ba.

Gida ya koma hannun babban ɗansa, Jalaluddeen, mai ofis a Bonapriso da abokai masu ƙamshin turare. Zailani ne ya yi ta kai shi makaranta yana ƙarami, shi ya hana shi makulli yana saurayi, har ya taɓa kai ƙararsa aka zane shi a tsakar gida. Zailani ya manta da wannan tuni, Jalaluddeen bai manta ba. Ga shi kuma tsohon bai iya bakinsa ba, a gaban baƙi sai ya ce, “Jalalu, rage gudu da maganar nan.” Sai dai a unguwar Hausawa ba a korar mutumin uba. Wanda ya yi haka ba zai iya zama a sahun gaba a masallaci ba, tsofaffi za su cinye shi da ido. Don haka Jalaluddeen ya yi shiru har aka yi sadakar arba'in, sannan ya kira shi, ya ɗan rusuna kamar yaron kirki.

“Baba Zailani, na san abin da ka daɗe kana roƙon marigayi. A ɗaga ta. Tayun da suka fi girma za a sa, kai za ka tsaya a kan aikin.”

Zailani ya yi kuka ran nan, kukan gaske, har da jan hanci. Ya je gida yana gaya wa Delu yaron nan ɗan halas ne. Delu ta dube shi ta ce, “Malam, yaushe ya fara son ka haka?” Ya ce ita dai ba ta san mota ba.

A Bépanda aka yi aikin, a garejin Ɓoɓɓo, wani Bafulatani mai walda wanda bai cika magana ba. Sati uku motar na kan turaku ba taya, Zailani na kwance a ƙarƙashinta ruwan sama na bi ta bayansa. Suka ƙara ganyen sifirin, suka sa dogayen shokoba, suka tsawaita tiyon birki, suka yanke bakin ƙarfen da ke saman tayu don kada su riƙa goga. Duk kusar da Ɓoɓɓo ya ɗaure sai Zailani ya bi ta da nasa sifana. Da aka zo kan matakin ƙofa, Jalaluddeen ya bugo waya ya ce a cire shi, ya yi ƙasa, zai riƙa kama kututture a daji.

Ɓoɓɓo ya riƙe injin yankan bai kunna ba. Ya ce, “Malam Zailani, mashpiye ɗin nan, matakin nan dai, a bar shi mana. Ko mu ɗaga shi kaɗan.”

Zailani ya ce, “Patron, maigidana, ya yi gaskiya, sau nawa yana kama mini itace? Kawo nan.”

Da hannunsa ya yanke shi, ya goge wurin sumul, ya shafa fenti. Mutumin da ya san tsawon kowace kusa a jikin motar nan bai tsaya ya auna ƙafarsa ba, murna ta rufe masa ido. Ranar da za a ɗaura tayun kuma Jalaluddeen ya aike shi Kotto ya kai wa wata gwaggonsa saƙo, shi kuma Jalaluddeen ya je da kansa ya ɗauko motar.

Ranar Juma'a ce. An sauko daga masallaci, dattawan unguwa sun zauna a kan tabarmi a ƙofar gidan marigayi kamar yadda suka saba, 'yan acaɓa, waɗanda a nan ake ce wa benskin, sun yi cirko-cirko a bakin titi suna kallo. Ga motar a tsaye, tayunta sun kai wa mutum ƙugu, ta yi kyau ba ƙarya. Zailani ya iso cikin shuɗiyar babbar rigarsa ta Sallah. Jalaluddeen ya miƙa masa makulli da hannu biyu, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Baba, ga amanarka. Ka zagaya da ita dattawa su sa albarka.”

Zailani ya buɗe ƙofa, kujerar na daidai ƙirjinsa. Ya ɗaga ƙafar hagu, gurguwar ta kasa ɗaukarsa, ya yi baya. Ya gwada ɗaga ta daman, ta tsaya inda ta saba tsayawa. Ya tattare rigar a kafaɗa, ya kama sitiyari da hannu biyu ya ja jikinsa, ƙirjinsa ya hau kujerar, ƙafafunsa na lilo a iska. Wani ɗan benskin ya fashe da dariya, sauran suka ɗauka. Hannunsa ya suɓuce, ya zube a bakin kwata, hularsa ta faɗa cikin baƙin ruwa.

Ɓoɓɓo, wanda ya biyo motar don ya ga aikinsa, ya ruga ya ɗauko wani akwatin lemo ya ajiye a gindin ƙofar. Jalaluddeen ya ture shi da ƙafa a hankali.

“A hanyar Yabassi wa zai riƙa bin sa da akwati? Bon, to, Baba, ni ban hana ka ba. Motarka ce. Hau.”

Da mutum biyu sun tallafe shi ta baya da ya shiga. Kowa ya san haka, kowa kuma ya san dattijo mai furfura ba zai yarda a kama masa ɗuwawu a tura shi a gaban jama'a ranar Juma'a ba. Ba wanda ya motsa. Zailani ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya daɗe yana duban fentin da ya shafa a inda matakin yake. A nan ya gane komai, har da aiken Kotto. Kunya da baƙin ciki suka kama shi. Ya tako ya ajiye makullin a tafin Jalaluddeen.

“Alhaji, na tsufa. A nemi wani.”

Ranar ce ya fara kiran sa Alhaji. Jalaluddeen ya ce subhanallahi, ya roƙe shi har sau biyu ya sake tunani. Wani dattijo ya gyara zama a kan tabarma ya ce kowa ya shaida, yaron bai kori mutumin ubansa ba, shi ya ajiye da kansa, Allah ya yi wa tarbiyyar Badamasi albarka. Aka shafa.

Ba a kai mako ba aka kawo sabon direba, dogo. Motar ta shiga hanyar Yabassi a tsakiyar damina ta fito ba ta kafe ko sau ɗaya ba, har masu kat-kat na unguwa suka riƙa zuwa suna tambayar wa ya yi aikin. Jalaluddeen ba ya ɓoyewa. Yakan nuna musu bencin mai shayi da ke tsallaken titi, inda Zailani ke wuni yanzu, ya ce, “Ga gwanin can, ku je ku gaishe shi.”