Shaidar Sunusi Faifai

Idan ka ga wani dogon dattijo a Stockport Road yana tafiya kansa a sama har yana neman taka karen mutane, Malam Sunusi ne. Mu a Levenshulme Sunusi Faifai muke ce masa, a bayan idonsa dai. Tsohon mai ɗaukar hoton ƙashi ne a asibiti, ya yi ritaya.

Sunan ya samo asali ne tun farkon zuwansa Manchester. Wata yamma ya taso daga aiki a Gorton, ya ga fitilu uku sun tsaya cak a sama, ba ƙara, sai kuma suka ɓace. A jarida ya ga tallar wata ƴar ƙungiya mai binciken faya-fayan ƴan wata duniya da ake cewa suna yawo a sama. Ya buga waya. Aka turo masa wani tsohon ɗan gidan waya da wata malamar makaranta. Suka tsare shi da tambaya: wace nahiya ka fuskanta? In ka miƙa hannu, yatsa nawa ne tsakaninsu da rufin gida? Wa kuma ya gani?

"Wallahi sak yadda alƙalin garinmu yake titsiye masu ganin wata," in ji shi. Ranar ya shiga ƙungiyar.

A lokacin ƙungiyar cike take. Suna taro a ɗakin da council ke ba su haya, suna buga mujallarsu, suna musayar labari da takwarorinsu na Birmingham. Yanzu kowa da kyamara a aljihu, amma faya-fayan sun yi ƙaura. Ƴan tsofaffi ne suka rage, da shayi da biskit. Hajiya Zinatu, matarsa, ta ce ita ba ta da ƙorafi: "Miji mai kallon sama ai ya fi mai kallon titi."

Bara abin ya so ya ja masa. Shi ne mai duba wa ƙaramin masallacinmu wata, aikin da yake ji da shi kamar ransa. Ran ashirin da tara ga azumi muka hau tudu tare, ni ina riƙe da flask. Ya ce ga shi can. Ni ban ga komai ba sai gajimare da yunwa. Wani likita a Ladywood ma ya bugo ya ce ya gani, to amma watan Sallah sai da shaidu biyu, wato sai an haɗa da shaidar Malam Sunusi.

Da muka koma masallaci gaban Liman, Alhaji Ja'afaru, akantan kwamitin masallacin, ya miƙe. "Allah gafarta Malam, with due respect, mutumin da ke farautar faifai ne zai sauke mana azumi? Gobe ya ce mana ƴan sama sun aiko da barka da Sallah."

Aka yi dariya. Malam Sunusi bai yi ba.

Liman ya ce, "Malam Sunusi, a shekarun nan, faifai nawa ka tabbatar?"

"Ko ɗaya. Wani jirgi ne mai sauka, wani tauraruwar Zahra ce, wani balan-balan ɗin biki. Kwanan nan duk drone ne."

"To naka na Gorton fa?"

"Shi kam har yau ban sani ba."

"Ba ka ce faifai ba ne?"

"Yaya zan ce, alhali ban sani ba?"

Liman ya ce wanda ya riƙe "ban sani ba" tun yana saurayi har furfura, ba zai ƙaga wata don ya ci tuwon Sallah ba. Ya karɓi shaidar.

Washegari bayan Idi, ina cikin neman takalmina, na ji Alhaji Ja'afaru ya matso kusa da shi yana ƙasa da murya.

"Malam, ba wai na yarda ba ne. Amma last winter, a bayan flat ɗinmu, na ga wani haske kore."

Malam Sunusi ya gyara tsayuwa. "Wace nahiya ka fuskanta, Alhaji?"