Kunun da Ya Kwana

Ni na kai baƙi ƙofar Baba mai kunu a unguwar Manfuha, kuma a sanadin haka ya bar Riyad da sunan mai dafa giya. Bai taɓa dafa ta ba. Ban jin ko warinta ya sani.

Ni direba ne. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Na yi leburanci a Dir'iyya, nan gefen Riyad, lokacin da ake ta tayar da gine-ginen nan, na ɗauki siminti har kafaɗata ta yi kanta. Daga baya na samu lasin, wani saurayi Balarabe ya ɗauke ni in riƙa tuƙa masa ƙaramar bas. Mudir nake kiransa, wato manaja, shi kuma ya ce mini sadiƙ, wato aboki. Mutumin kirki ne, ba zan ɓata shi ba.

Sana'arsa ita ce tara masu yawon buɗe ido, Turawa da wasunsu, ya zaga gari da su suna ɗanɗane. Ba cin abinci ba, ɗanɗane. Nan gahawa da dabino. Can nonon raƙumi da gurasa mai zafi. Gaba kuma ruwan sha'ir na kwalba, wanda Larabawa ke kira bira amma ba ya sa maye, a haɗa shi da gasasshen nama. Kowane abin sha da abincin da mudir ya ce shi ne abokin tafiyarsa. Yana koya musu su shinshina tukuna, su kurɓa kaɗan, su riƙe a baki. Ni ina jingine da mota ina kallon manya suna wasa da abinci. Aikina tuƙi.

Baba kuwa dattijo ne daga wajen Damagaram. Igamarsa, wato takardar zamansa, ta gadin wani shagon kayan masarufi ce. Kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardar, wani tsohon Balarabe, ya bar masa lungu a gefen shagon, a nan yake sayar da kunun zaki. Farkon zuwana ƙasar na kwanta ciwo, wanda ya kawo ni ya daina ɗaga wayata. Baba ne ya shimfiɗa mini tabarma a ɗakinsa. Kununsa na sha har na miƙe. Tun daga nan yake ce mini ɗana.

Shi yake jiƙa geronsa, shi yake tsirar da shi a buhu, ya haɗa da citta da kanumfari da busasshen dankali ya niƙa. Da asuba yake damawa. Yana da doka guda wadda kowa a unguwar ya sani: kununsa ba ya kwana. Abin da ya rage bayan magariba ya rabar wa leburori. In babu mai sha, ya tuttular a kwata. Na taɓa ce masa ai akwai firij a shagon.

Ya ce, "Firij ba ya mayar da jiya yau."

Wata rana mudir ya gan ni ina shan kunu a gora, ya miƙo hannu. Ya shinshina, ya kurɓa, ya riƙe a baki kamar yadda yake koya wa baƙinsa. Sai ya ce in kai shi wurin mai yin wannan, yanzu.

Baba bai so ba. Da na faɗa masa abin da ake nufi, ya ce, "Turawa za su sha kunu? Me suka rasa a gidajensu?"

Na ce, "Baba, gwiwarka ta gaji. Abin da za ka samu a baƙin yamma ɗaya ya fi na yini."

"Ni na ce maka ina neman fiye da na yini?"

Na yi ta bin sa har ya yarda. Ni a tunanina rama alheri nake yi.

An yi watanni abin yana tafiya lafiya. Bayan la'asar nake shigo da bas lungun, yara 'yan Habasha da 'yan Yaman su taru suna kallo. Mudir ya haɗa kunun da ƙosai da yaji, wani lokaci da kilishi. Baba ya koma sa farar jallabiya da hularsa ta Juma'a. Yana zuba musu da ludayi a ƙananan kofuna, yana mita wai wannan ba sha ba ne, wulaƙanta kunu ne. Wata Baturiya ta kurɓa ta lumshe ido ta daɗe. Ya taɓo ni.

"Ɗana, addu'a take yi ko barci?"

"Ɗanɗane take yi, Baba."

"To ce mata ta haɗiye, ba magani ba ne."

Amma yana jin daɗi. Na gani a fuskarsa. Mutumin da ya tsufa yana gadi ba mai tambayar sunansa, ga mutane daga wata duniya suna jinjina masa.

Da zafi ya shigo, mudir ya samu wasu baƙi da suka ce ba sa son shiga gari. A Wadi Hanifa, wani kwari a bayan gari, suke son a shimfiɗa musu da sassafe, ƙarƙashin dabinai, kafin rana ta yi ƙarfi. Daga Manfuha zuwa can, da ɗaukar baƙi a masauki, lokaci ba zai isa a jira damun asuba ba. Mudir ya ce in karɓo kunun tun yamma, a sa a kula da ƙanƙara.

Baba ya ce a'a.

Na ce, "Dare ɗaya ne, kuma a cikin ƙanƙara."

"Ka san dokata."

"Na sani. Amma in na koma hannu biyu, ni zan ji kunya."

Ya dube ni ya daɗe. Sai ya ɗauko jarka ya ɗauraye ya cika ta. Ya ce, "Da hantsi in ba a sha ba, a zubar." Na ce to.

Jirgin baƙin bai sauka ba ranar, aka ɗaga fitar zuwa washegari. Ni kuma aka tura ni wani aiki da wata motar. Na ce wa mudir a zubar da kunun, zan karɓo sabo. Ya ce mafi mushkila, wato babu matsala, zai ƙara ƙanƙara. Ko ya ƙara ko ya manta, ban sani ba. Kular dai ta yini a bayan bas, bas kuma a rana. Wanda ya san zafin Riyad ya san abin da nake faɗi.

Da aka shimfiɗa a Wadi, na buɗe jarkar sai ta yi tsaki, kumfa ta taso. Warin tsami ya bugi hancina. Na ce wa mudir wannan ya lalace. Yana cikin magana da ni sai wani Bature mai jan gemu ya matso, ya shinshina, fuskarsa ta washe. Ya zuba da kansa. Ya sha, ya ƙara. Ya kira 'yan'uwansa yana ta magana da sauri, suna dariya. Mudir yana cewa la, la, wato a'a, yana ɗaga hannu, shi ma da 'yar dariya irin ta wanda ya rasa yadda zai yi da baƙo. Ni ba na jin Turanci. Na ɗauka yabo ne kawai.

Ba wanda ya bugu. Ko alama. Tsami ne da kumfa.

Mai jan gemun ya nace sai an kai shi ya ga mai yin abin. Mudir ya ja ƙafa, amma baƙo ne, ya ce mini yalla, mu je. Na tuƙa su har lungun. Baturen ya rungume Baba, ya ɗaga waya yana ɗaukar su bidiyo tare yana surutu, yana nuna tukwane da buhun tsiro. Baba yana murmushi yana gyaɗa kai, yana cewa shukran, shukran.

Bayan 'yan kwanaki wani ɗalibi ɗan Kano, mai karatun fiƙihu a jami'a, ya same mu a lungun. Kullum yana zuwa shan kunu, ranar bai zauna ba. Ya miƙa wa Baba waya. Ga Baba yana murmushi, ga Baturen, ga rubutu a ƙasa.

Baba ya ce, "Malam, me ya ce?"

Ɗalibin ya dube ni, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Baba, cewa ya yi ya gano giya a Riyad. Wai kai ne gwanin da ke dafa ta a ɓoye."

Baba ya ce a sake kunna masa. Aka sake. Ya miƙa wayar.

"Wane kunu suka sha?"

Na ce, "Wancan."

"Ya kwana?"

"Biyu."

Ya juya ga ɗalibin. "Malam, na shayar da mutane haram?"

Ɗalibin ya ce a'a. Ya ce abin da bai sa maye ba ba giya ba ne, tsami ne kawai, kuma ba da saninsa aka yi ba. Ya yi ta kawo bayani. Baba ya saurara har ya gama, sannan ya ce, "Amma ya kwana."

Mudir ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya nemi Baturen, ya sa ya cire hoton, har ya ba da haƙuri wai wasa yake yi. Amma abin ya riga ya shiga wayoyin Hausawa. Daga Manfuha ya je Jidda, ya je Makka, ya ƙetare ya isa gida. Wani ya ɗora masa murya da Hausa. Ba wanda ya tura ban-haƙurin.

Masu saye suka ragu. Waɗanda suka san shi sun san ƙarya ce, amma ba wanda yake son a gan shi a tsaye a lungun da kofi a hannu. Samari kuwa suka samu abin yi. Wani ya wuce ya ce, "Baba, akwai mai ƙarfin, ko sai an yi magana a kunne?" Wani ya ce, "A zuba mini na Turawa." Na shaƙe wuyan ɗaya daga cikinsu, Baba ya ce in sake shi, yaro ne.

A masallacin unguwa sahun farko yake tsayawa tun kafin in san shi. Ba wanda ya kore shi. Shi ya koma baya da kansa, kusa da takalma. Babban ɗansa ya kira daga gida, ina zaune ina ji. Ya ce mutane suna tambaya ko da kuɗin nan aka yi rufin ɗakin mahaifiyarsu. Baba ya ce masa, "Kai ma tambaya kake yi?" Ya kashe wayar.

Kafilinsa ya zo da kansa, da sandarsa. Ya ce wallahi ya san Baba, ya fi yarda da shi a kan 'ya'yansa. Amma shagon da sunansa yake, kuma allon shagon ya fito a hoton, shi tsoho ne ba ya son a kira shi ko'ina a yi masa tambaya. Ya ce a daina kunun. Da lokacin sabunta igama ya zo, bai sabunta ba. Baba bai roƙe shi ba.

Ana gobe zai tafi ya yi damu na ƙarshe, ɗan kaɗan, a ƙaramar tukunya. Ya zuba mini a babban kofi, ba irin na baƙi ba. Muka zauna a kan benci. Na ce, "Baba, da ban kawo su ba."

Ya ce, "Sha, zai huce."

"Ni na matsa maka."

"Kai ka roƙa. Ni na cika jarkar."

Na so ya zage ni. Bai yi ba. Ya ce in kula da bayana, in daina ɗaukar kaya mai nauyi don burga. Ya tambaye ni ko Baturiyar nan mai lumshe ido ta haɗiye kuwa har yanzu. Ya yi dariya shi kaɗai. Da aka kira magariba akwai saura a tukunyar. Ya leƙa, ya duba lungun ko akwai lebura, babu kowa. Ya ɗauka ya tuttular a kwata, ya wanke tukunyar ya kife.

Ni na kai shi filin jirgi a bas ɗin mudir. Washegari na mayar da makulli. Mudir ya ce me ya sa, ai ba laifina ba ne. Na ce kalas, shi ke nan, na gaji. Har yanzu yana yawonsa da baƙi, na ji ma abin ya bunƙasa. Manfuha ce dai ya cire.

Baba yana garinsu. Mukan gaisa a waya da salla. Ya ce gwiwar tana nan, jikoki sun dame shi. Na tambaye shi sau ɗaya ko yana kunu a can, ya ce matan gida suna yi. A garin, in ji wani ɗan garinsu da muka haɗu, har yau akwai masu kiransa da wancan sunan a bayan idonsa.

Ni yanzu ina Sulay, wata unguwar a Riyad. Ina tuƙa motar wani sito, ina kai katan-katan na ruwan sha shaguna. Ɗaki ɗaya muke da wasu 'yan Sudan. Ba na ɗaukar mutane a mota, kuma ban sake shiga lungun nan ba.