Tsokar da Ke Kife Tafin Hannu

A makarantar kiwon lafiya malaminmu ya zana mana wata tsoka a allo. Daga gwiwar hannu ta ciki take tasowa, ta ratsa a karkace ta kama ƙashin ɓangaren babban yatsa. Ita ke kife tafin hannu. Na haddace, amma ba ta burge ni ba.

Da na koma gida Makarfi, na tarar Baba yana zuba mazarƙwaila mai zafi a ƙananan kwanoni, ludayi bayan ludayi, ko ɗigo bai ɓarar ba. Na dafa hannunsa ƙasan gwiwa. Tsokar ta motsa, da tauri kamar igiyar guga.

Ya ce, "Kai, sake ni, za ta daskare!"

Ashe zanen da na raina a allo shi ya ciyar da ni tun ina goye.