Safar Hannun Na'Allah

Na'Allah ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk garinmu Banga ba wanda bai san shi goye da injin feshi ba. Shekara tara ke nan yana fesa maganin ciyawa a gonakin mutane. In damina ta wuce sai ya koma facin taya a Ƙaura. Mutum ne mai sanyi, irin sanyin nan mai ban haushi, wanda ko taka shi ka yi shi ne zai ba ka haƙuri.

Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi, kayan aikinsa: rigar ruwa da wandonta, takalmin roba, da safar hannu mai kauri da ta kai masa gwiwar hannu. Sauran masu feshi da singileti suke shiga gona, su dama magani da kara ko ma da yatsa, suna yi masa dariya wai ya yi shigar likita. 

In ya taso daga gona ba ya shiga gida kai tsaye. Bayan katanga yake zagayawa, nesa da rijiya da turken awaki, inda ya haƙa ramin zubar da ruwan wanki. Bahonsa daban, sabulunsa daban, ko matarsa Saratu ba ta taɓa su. Yakan wanke safar tun tana hannunsa, ya cire, ya juya cikinta ya sake wankewa. Rigar kuwa ruwan sanyi kawai, ba dirza, ba matsa, sai ya rataye ta a inuwar dogonyaro, don ya ce rana ce ke busar da roba ta tsage. Kuma kowace safiya kafin ya fita sai ya hura safar ya tsoma a ruwa, yadda yake gwada tub ɗin taya a wurin faci. Ya ga kumfa ko ɗaya, to ta tashi daga aiki.

Bara da farkon damina surukinsa Malam Mamuda, mahaifin Saratu, ya zo aron safar. Wai shinge zai yi wa gonar gyaɗa saboda shanu, ƙayar magarya kuma tana cin hannu. A garinmu suruki ba ya jin a'a daga bakin mijin 'yarsa. Ina tsaye Na'Allah ya miƙa ta da hannu biyu. Na harare shi, ya sunkuyar da kai.

Bayan kwana uku tsohon ya dawo da ita da sassafe, yana ta fara'a.

"Ga kayanka nan, na sa an wanke maka su tas da ruwan zahi, sun sha rana bisa kwano. Ɗauko injin mu tahi, haki ya cinye min dawa."

Bahon nan taku uku ne daga inda suke. Hura safa bai kai minti ɗaya ba. Amma gwada ta a gaban suruki daidai yake da ce masa ya ɓata kayan aro, don haka ɗan'uwana ya zura hannu ya bi shi. Wannan kunyar ce har yau in na tuna take ba ni haushi.

Ƙaya ta riga ta huhhuje robar, ƙananan huji da ido ba ya gani. Maganin da ke ɗiga daga mariƙin injin ya riƙa shiga, ya haɗu da gumi ya zauna a ciki. Tun hantsi ya fara jin ƙaiƙayi, sannan zafi. Malam Mamuda yana zaune a gindin itace yana kallo, shi kuwa bai ajiye injin ba sai azahar da gonar ta ƙare. Washegari hannayen sun kumbura sun yi bororo, fatar tana saɓulewa. Muka kai shi asibiti a Ƙaura aka naɗe su. Sati biyar bai riƙe ko cokali ba. Kafin ya warke lokacin feshi ya wuce, masu gonakin da ya saba yi wa aiki duk sun kira wasu.

Ranar da muka dawo daga asibiti na same shi na zazzage masa. "Kai bakinka ciwo shi kai? Minti guda, Na'Allah!"

Ya ce, "Yaya, mi zan ce mai? Uban matata na."

Ranar Juma'ar satin nan Malam Mamuda ya zo dubiya da mutanen unguwa, har da masu feshi biyu. Ni na kai musu ruwa zaure, don haka da kunnena na ji.

"Kun dai gani ko? Kullum wanki, kullum shanya, awa mai jego. Ashe robar ba ta hana komi. Ga waɗanga yara da hannunsu su ka aiki, lahiyassu lau."

Masu feshin suka gyaɗa kai. Na ajiye kwanon ruwan na buɗe baki, sai na ji Saratu ta riƙe gefen mayafina ta baya. Na dubi Na'Allah. Yana zaune a ƙasa, naɗaɗɗun hannayensa a kan gwiwa.

Ya ce, "Hakanan na, Baba."

Tun da aka haife shi ban taɓa jin ina son marinsa kamar ranar ba.