Kunnen Autanmu

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mahaifinmu, muryarsa ta tafi. Mutumin da in yana ba da karatu a zauren gidanmu na Ƙofar Kware har masu wucewa a titi suna jiyo shi, sai ga shi ya koma raɗa, raɗar ma a cakuɗe, harshe ya yi nauyi. Malam muke ce masa, mu 'ya'yansa da ɗalibansa duka. In ya yi magana, Inna ta kan kai kunne ta saurara, ta ɗago ta dube ni, ni ma in kai nawa. Kalma ɗaya za mu tsinta, sauran su zube. Sai ransa ya ɓaci, ya juya fuska bango.

Mutum ɗaya ne ke gane shi, autanmu. Saurayi ne a lokacin, ya gama makaranta yana jiran aiki, shi ya sa jinya ta faɗa kansa. Ban san yadda aka yi ba, ko zaman da suka yi tare ne, ko baiwa ce kawai. Zai durƙusa, ya sa kunne daf da bakin Malam, ya ɗago ya ce, "Cewa ya yi a buɗe tagar can, kuma kunun ga ya yi tsami." Malam ya lumshe ido, alamar haka ne. Da wannan kunnen Malam ya ci gaba da mulkin gidansa. Da shi ya raba rigimar maƙwabta, da shi yake gyara wa tsofaffin ɗalibansa karatu in sun zo gaisuwa, da shi kuma yake yi mini faɗa in na kwana biyu ban taso daga gidan aurena a unguwar Minanata na zo ba. Na kan ce wa Auta ƙari yake yi a faɗan, ya yi ta dariya yana rantsuwa.

Abin da ban sani ba shi ne yaron nan yana mutuwar son waƙa. A gidanmu ba a kiɗa. Ba wanda ya taɓa tara mu ya kafa doka, tashi muka yi muka tarar da abin haka, ko bikina ma walima aka yi aka watse. Ɗan Malam a filin wasa kuwa, magana ce da za ta riga shi isowa gida.

Bayan wata ƙaramar Sallah na lura ya canza. Ina kiransa daga madafa ya yi banza da ni. Ni kuma ba a yi mini haka, na fito da ludayi a hannu ina sababi, na ce girman kai ya fara ko. Ya juyo a firgice, yana kallon bakina. Ya ce mura ce ta toshe masa kunne. Mura a zafin Sakkwato, lokacin da ko ruwan randa ɗumi yake yi! Inna ta yarda. Ta ɗumama man zaitun da tafarnuwa tana ɗiga masa safe da yamma, mai kemis ma ya ba da nasa na ɗigawa. Aka yi ta ɗiga, makonni suna wucewa.

Shi kuwa bai fasa durƙusawa gaban Malam ba. Ya san jinyar ciki da waje: in rana ta take, ruwa ne, in an kira salla, taimama ce, in Malam ya motsa kafaɗa, juyi yake so. Da haka ya yi ta rufa wa kansa asiri. Ranar da abin ya fito ina zaune a ɗakin. Malam ya yi magana mai ɗan tsawo, Auta ya gyaɗa kai ya miƙo kofin ruwa. Malam ya kau da kai ya sake magana. Auta ya gyara masa matashi. Na ga hannun Malam mai lafiya yana dukan katifa a hankali, na ga Auta yana zufa yana duban kayan ɗakin ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda zai ɗauko. Nan na gane ba ya jin Malam.

Washegari na tasa shi gaba zuwa asibiti, ko shawararsa ban nema ba. Likitan kunne ya leƙa, ya sa masa wani abu a kai ya ce ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji ƙara. Ina kallon likitan yana danna na'urarsa, hannun ƙanena yana kan cinya. Da aka gama ya tambaye shi, da ƙarfi, ko ya shiga wani wuri mai tsananin ƙara kafin abin ya fara. Auta ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

A ƙarƙashin wata dalbejiya a harabar asibitin ya ba ni labari, yana magana da ƙarfi fiye da kima don ba ya jin kansa. Wani mawaƙi ne da samari ke ji da shi ya zo wasan Sallah, a wani fili, bayan la'asar. Auta ya ce wa Inna zai je gaida abokai. Ya sa takunkumi ya rufe fuska, ya ja hula. Da ya shiga ya ga kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo, masu kyamara kuma suna ta haska tsakiyar taro. Ya san in fuskarsa ta fito a wayar mutum ɗaya, kafin magariba ta kai Ƙofar Kware. Sai ya nemi inda ba a haskawa. Wuri ɗaya ne, gefen dandamali, inda aka jibga lasifikoki a ƙasa, wata kan wata, sun fi mutum tsawo. Ba mai son tsayawa nan, ba kuma mai ɗaukar hoton nan. Can ya je ya raɓe.

"Da hwarko lahiya lau, Yaya," in ji shi. "Na bar tazara. In ƙarar ta yi yawa sai in toshe da yatsa."

Ya ciro wayarsa ya nuna mini bidiyon da wani abokinsa ya tura masa. Na kalla, kuma har yau ina jin haushin abin da na gani. Jama'a ce maƙil, samari sun yi sharkaf da gumi, suna ihu da baki ɗaya, "A ƙara wuta! A ƙara wuta!" Wai a wurinsu in kiɗa bai girgiza ƙirjin mutum ba, ba a yi wasa ba. Mai kula da na'ura kuwa yana biye musu, yana murɗawa. Sai mawaƙin ya cire hularsa, ya yi ta juya ta a sama yana ja musu rai, ya yi kamar zai jefa dama, taro ya kwaso dama, ya yi kamar zai jefa hagu, taro ya kwaso hagu. Daga ƙarshe ya wurga ta wajen lasifikokin. Mutanen nan suka tafi gaba ɗaya. Na baya suna turo na gaba, na gaba ba su da inda za su. Wayar mai ɗauka ta yi ta lilo, sama, ƙasa, takalma.

"Ga ni nan," ya ce, ya tsayar da bidiyon. Na duba na duba. Gefen kafaɗar shaddar Sallarsa ce kawai, a can lungun hoton. Ya ɓuya yadda yake so, ko ni da na goya shi ban gane shi ba.

Ya ce jama'ar sun manna shi da lasifikar, kuncinsa na hagu a jikin ragarta, hannayensa duka biyu a danne a ƙasa. Ya yi ihu, amma wa zai ji? Hular tuni wani ya cafke, amma ba wanda ya ja baya, tunda an samu kusa da dandamali kowa ya riƙe wurinsa, mawaƙin kuma ya shiga waƙar da aka fi so. Sai da waƙar ta ƙare aka sassauta. Ya ce da ya fito titi ya ga masu babur suna wucewa, bakunan mutane suna motsi, shi kuma ba abin da yake ji sai wata ƙara siririya irin ta gyare.

Na zage shi tas a wurin. Na ce duk faɗin filin nan ba ka ga wurin tsayawa ba sai bakin masifa? Na zagi mawaƙin, na zagi mai na'ura, na zagi 'yan banzan da suka kusa kashe mutum a kan hular da ta sha gumin wani. Yana kallon bakina, rabi yana ganewa. Daga baya na zauna a kan benci na fashe da kuka, mutane suna kallona.

Likita ya ce kunnen hagu ya tafi. Na dama yana jin magana in an ɗaga murya, amma siririyar ƙarar nan za ta riƙa rufe ƙananan sautuka. Ya ce da an zo da wuri, an faɗi gaskiyar abin da ya faru, da wataƙila an ceto wani abu. Aka haɗa masa na'urar ji, 'yar ƙarama da ake maƙalawa a bayan kunne. Ta taimaka, ba laifi.

Ni ba na iya riƙe magana. Muna komawa na ja Inna ɗaki na zayyana mata komai. Ta saurare ni tana murza carbi.

"Na jiya," ta ce. "Amma kada Malam shi ji. Da ciwo nai za shi ji ko da wagga magana?"

Na ce mata Inna, yaron nan fa ba ya jin Malam.

"Shina ji nai," ta ce. "Ɗa da uba nai? In ya matsa kusa shina ji."

Haka aka tsaya. Auta yana sa na'urar ko'ina, amma in ya zo ƙofar ɗakin Malam sai ya cire ya jefa a aljihu. Ya ce in Malam ya gani zai tambaya, shi kuma ba zai iya yi masa ƙarya ido da ido ba, ba zai kuma iya faɗa masa gaskiya ba. Na yi faɗa har na gaji. Na riƙa zuwa kullum in na tashi daga makarantar da nake koyarwa, in kai kunnena in tsinto abin da zan iya, in yi wa Auta nuni da ido. Malam ya rage magana. Rigimar maƙwabta ta daina zuwa, ɗalibai su gaisa su tashi. Wani lokaci ya kan daɗe yana kallon Auta, ban san me yake gani ba.

Ranar da zai rasu, da hantsi ne. Numfashi ya fara sauyawa, yayyenmu maza sun zo, ɗakin ya cika. Sai Malam ya buɗe ido, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya yi mana alamar mu ja baya. Muka koma bakin ƙofa, har da Inna. Ya yafito Auta. Auta ya durƙusa, Malam ya kama wuyan rigarsa ya jawo shi, ya sa baki a kunnensa na hagu, wanda ya saba magana a ciki.

Ya daɗe yana magana. Tun kwanciyarsa ban ga ya yi mai tsawo haka ba. Ya kan tsaya ya huta, ya ci gaba. Ina kallon hannun Auta ya tafi aljihu, ya tsaya a kai, ya dawo. Ya yi ƙoƙarin juyo da ɗaya kunnen, Malam ya ƙara damƙe rigar. Sai ya haƙura, ya riƙa gyaɗa kai. Da Malam ya sake shi, ba a jima ba babban yayanmu ya matsa ya fara laƙƙana masa kalmar shahada.

Bayan an dawo daga maƙabarta, kafin mata su cika gidan, Inna ta sa aka kira Auta ɗakinta. Yayyenmu suna nan, ni ma ina nan. Ya shigo da ƙasa a gwiwoyin wandonsa, na'urar a kunne. Inna ta kama hannunsa.

"Auta, mi Malam yac ce ma? Hwaɗa muna, mu cika mishi."

Na yi zaton zai ƙago wani abu, a riƙe zumunci, a yi haƙuri, irin wanda kowane uba yake faɗa, kowa ya samu sanyi. Amma a gidanmu ba a sa wa mamaci magana a baki.

"Inna, ban jiya ba."

"Ko kalma guda?"

"Ko guda. Ɗumin numfashi nai kaɗai nij ji ga wuyana."

Inna ta saki hannunsa, ta ja mayafi ta rufe fuska. Yayyenmu suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka koma zaure wajen masu gaisuwa. Na bi Auta tsakar gida, na same shi tsaye a rana, ko takalmi babu. Duk haushinsa da nake ji ya fice daga raina, sai tausayinsa.

"Yaya," ya ce, "ke da kit tsaya bakin ƙohwa, kin ga huska tai. Hwaɗa shikai min ko addu'a? Ya sani?"

Na so in ce addu'a ce. Amma daga inda na tsaya, gadon bayan Auta ya kare mini fuskar Malam, hannun da ya riƙe rigar kawai nake gani. Na faɗa masa haka a hankali, bai ji ba, sai da na maimaita da ƙarfi.